Fenshuwi da hikimar zaure: Ina ya kamata teburin shugaba ya duba a Tasawa da Mayahi?

Ranar 4 ga Afrilun 2024 shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi a faɗin ƙasar. Bayan haka aka naɗa kantomomi, suka karɓi makullan ofisoshin da zaɓaɓɓun magadan gari suka bari.

A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maradi, sauyin ya shafi ƙananan hukumomi 15, bakwai a Tasawa, takwas a Mayahi. Daga Maijirgi da Korgom da Urafan har zuwa Kanambakashe da Gidan Amumun, mutum sama da miliyan ɗaya ne, bisa ƙidayar 2012, ke dogaro da waɗannan ofisoshi wajen neman takardar haihuwa da shaidar fili da biyan harajin kasuwa.

Duk wanda ya gaji ofis, kantoma ne ko shugaban makaranta ko manajan kamfani, akwai ƙaramar shawarar da ke jiransa tun ranar farko: ya bar tebur inda ya same shi, ko ya matsar? Ya juya wa taga baya, ko ya dubi ƙofa? Ya zauna a kujerar wanda ya gada, ko ya sa a kawo sabuwa?

A wayoyin matasa da 'yan ci-rani, akwai wata amsa da ke yawo wadda daga ƙasar Sin ta fito. Sunanta fenshuwi, wanda ake rubutawa feng shui. Sai dai tun kafin bidiyo ya zo, magina da fadawan ƙasar Katsina da Gobir suna da tasu amsar, kuma ita ce aka auna da rana da iska da ruwan wannan yanki.

Mene ne fenshuwi?

Kalmomi biyu ne na Sinanci: feng na nufin iska, shui na nufin ruwa. Sunan ya fito a wani tsohon littafi kan zaɓen wurin binne mamaci, wanda ake danganta wa malamin nan Guo Pu, da ya rayu daga shekarar 276 zuwa 324.

Asalin abin duba ƙasa ne. Wuri mai kyau a wajensu shi ne mai tudu a bayansa da zai tare iska, da ruwa a gabansa. Daga baya aka ƙara masa lissafi: kamfas na musamman, da taswira mai kusurwa takwas, da ginshiƙai biyar, wato itace da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa. Masu bin sa sun yi imani akwai wani ƙarfi da ba a gani, da suke kira chi, wanda ke yawo cikin gini kamar yadda iska ke yi.

Gwamnatin Kwaminisanci ta yaƙi al'adar a matsayin camfi, musamman a juyin al'adu na 1966 zuwa 1976. Amma ta ci gaba a Hong Kong da Taiwan da Singafo, inda manyan kamfanoni ke biyan masana kuɗi. An nemi shawararsu wajen gina hedikwatar bankin HSBC a Hong Kong, da aka kammala a 1985. Kamfanin Disney ma ya karkata babbar ƙofar wurin shaƙatawarsa na birnin da digiri 12 kafin buɗe shi a 2005.

Nijar ba baƙuwar Sinawa ba ce. Matatar man SORAZ da ke Damagaram tana aiki tun 2011, kuma 'yan kasuwar Maradi sun daɗe suna saro kaya daga Guangzhou. Amma yawancin abin da ke isa wayoyin matasa sigar da aka sauƙaƙa ce, wadda ta bazu a Amurka da Turai tun shekarun 1980, aka mayar da ita shawarar ado da neman sa'a.

Ƙa'idojin da ake ba shugaba

Shawarwarin kusan iri ɗaya ne ko'ina aka ji su. Shugaba ya zauna da bango mai ƙarfi a bayansa, kada ya juya wa taga ko ƙofa baya. Ya kasance yana ganin mai shigowa, amma kada teburinsa ya yi saiti da ƙofa kai tsaye. Kujerarsa ta kasance mai dogon baya. A kawar da tarkace daga kan tebur. Kada kaifin kusurwar kabad ya nuna shi, kada ya zauna ƙarƙashin wani ƙarfe ko katako da ya gitta rufi.

Sai kuma kashi na biyu: a ajiye tukunyar kifi ta gilashi ko ƙaramin maɓulɓular ruwa a kusurwar da ake kira ta arziki, a sa mutum-mutumin kwaɗo mai ƙafa uku da kwabo a bakinsa, a zaɓi launin bango bisa shekarar haihuwar mai ofis.

Babu binciken kimiyya da ya tabbatar da cewa alƙiblar tebur na jawo kuɗi ko ƙarin girma. Kashin farko dai yana da bayani mai sauƙi. A 1975 wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Jay Appleton, ya kawo ra'ayin cewa ɗan Adam ya fi natsuwa a wurin da yake hango abin da ke tafe alhali bayansa a kare yake. Wanda ya taɓa zama a tasha da jakar kuɗi ya san wannan ba sai an karanta masa ba.

Abin da Tasawa ta riga ta sani

A watan Janairun 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a Tasawa ta wancan zamani a hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Abin da ya ja hankalinsa a rubutunsa shi ne tsarin gidaje: darni mai tsawo da ke kare gida daga idon mai wucewa, rumfa mai sanyi kusa da ƙofa inda maigida ke harkokinsa yana karɓar baƙi, da itatuwa masu inuwa a kan gidan baki ɗaya. Da yaren yau, wannan rumfar ita ce ofis.

Zaure ma haka yake. Ƙofarsa ta waje da ta ciki ba sa saiti da juna, don kada na kan hanya ya hango cikin gida. Sinawa suna da irin wannan ƙa'ida, har sukan gina ɗan bango a bayan ƙofar gida. Su suna cewa don kada chi ya wuce da gudu ne, Bahaushe yana cewa don sutura ne. Sakamakon ɗaya ne: ido ba ya ratsawa, ƙura da guguwa ma suna karyewa.

Magina sun kuma san inda hadari ke tasowa. A wannan yanki ruwan damina daga gabas yake zuwa, da iska mai ƙarfi a gabansa. Shi ya sa bangon gabas ne ke fara zaizayewa, shi ake fara yi wa yaɓe, kuma mai hankali ba ya barin ƙofar ɗaki a buɗe ga gabas ba tare da wani abin kariya ba. A garuruwan Hausa da dama ƙofar fada yamma take duba, da fili a gabanta.

Gabas kuma ita ce alƙibla. Daga Tasawa, Ka'aba tana kimanin digiri 71 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata zuwa hagu. Wannan na shiga cikin tsarin kowane gida da ofis: inda za a shimfiɗa darduma, da inda ba za a fuskantar da makewayi ba, da inda yaro ke shan faɗa in ya miƙe ƙafa.

Masanin zamantakewa Bafaranshe, Guy Nicolas, wanda ya yi shekaru yana bincike a yankin Maradi, ya wallafa nazari a 1966 kan yadda Hausawa ke fahimtar sarari. Ya nuna yadda kafa gari ko kasuwa ko gona ke bin kusurwoyi huɗu da tsakiya, da yadda lamba uku ke wakiltar namiji, huɗu mace, bakwai kuma haɗuwarsu. Ko kalmar iska ma a Hausa ma'ana biyu gare ta, wadda ke kaɗawa da wadda ake tsoro. A Mayahi, inda bori ke da dogon tarihi, ba sai an yi wa kowa bayanin wannan ba.

Hatimi ɗaya, ƙasashe biyu

Akwai ma wurin da lissafin biyu ya haɗu ƙeƙe-da-ƙeƙe. Ginshiƙin lissafin fenshuwi wani murabba'i ne mai gida tara da ake kira Lo Shu. An jera lambobi 1 zuwa 9 a cikinsa ta yadda duk layin da aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15.

Duk almajirin da ya taɓa ganin hatimi mai gida tara a allo ko a laya ya ga wannan murabba'i. Kuma ɗaya daga cikin fitattun waɗanda suka yi rubutu kan irin wannan lissafi Bakatsine ne: Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rubuta littafi a kai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Tasawa kuwa tsohuwar ƙasar Katsina ce.

Ke nan matashin da ke ganin fenshuwi a matsayin sabon ilimi daga nesa, wani ɓangarensa na rataye a saman ƙofar shagon kakansa.

Daga zaure zuwa biro

A fada, sarki ko hakimi yakan zauna a kan abin zama mai ɗan tudu, bango a bayansa, ƙofa a gabansa, fadawa a gefe kowa a matsayinsa, dogari a bakin ƙofa. Zaman da fenshuwi ke yi wa talla ke nan. Fada tana da nata shingen, domin mai ƙara yakan tuɓe takalmi ya durƙusa, kuma mata ba kasafai suke isa gaba ba. Amma babu tebur tsakanin mai mulki da talaka, kuma ana magana ne a gaban jama'a.

Tebur da Turawan Faransa ya zo. Tasawa ce ta fara zama mazaunin kwamandan yankin, kafin a mayar da hedikwatar Maradi a 1927. Biron kwamanda ya kawo sabon tsari: ɗaki a rufe, faffaɗan tebur, mai gadi a ƙofa, tafinta a gefe, jama'a a waje. Bayan samun 'yancin kai a 1960 ma'aikatan ƙasa suka gaji ɗakin da tsarinsa. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004 aka kafa ofisoshin magadan gari har a ƙauyuka, wannan samfurin aka kwafa.

Inda shawarar Sin ke ɓata

Abincin wani gubar wani. Fitacciyar ƙa'idar Sinawa ita ce gini ya dubi kudu, kamar fadar sarakunan Beijing da aka kammala a 1420. Dalilin a fili yake. Beijing tana wajen digiri 40 arewa da tsakiyar duniya, sanyi mai tsanani daga arewa yake zuwa, rana kuma kullum ta kudu take bi. Mai gida a can neman rana yake yi.

Tasawa da Mayahi suna wajen digiri 14. A nan gudun rana ake yi. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, kuma daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta ɓangaren arewa take ratsawa da tsakar rana. Babban abokin gabar ma'aikaci shi ne bangon yamma, wanda ke shan rana daga azahar zuwa la'asar sannan ya riƙa amayar da zafi cikin ɗaki. Shugaban da ya jingina kujerarsa da wannan bango don an ce ya sami bango a bayansa, ya jingina da tanda.

Abin da ya fi dacewa shi ne gini ya miƙe daga gabas zuwa yamma, don gajerun bangayensa su ne za su fuskanci fitowar rana da faɗuwarta. Manyan tagogi su kasance a kudu da arewa, suna kallon juna don iska ta ratsa, da rumfa ko baranda a kansu. A dasa dogon yaro a yamma. Tagar arewa da ta gabas su sami murfi mai kyau, saboda daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu daga arewa maso gabas yake kwaso ƙura, kuma ƙura ce ke kashe kwamfuta da na'urar buga takardu.

Wani zai ce na'urar sanyaya ɗaki ta magance duk wannan. Mutanen yankin sun ga iyakarta a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa a lokacin, kuma layin da ke ciyar da Maradi da Damagaram daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, maƙwabciyar Tasawa. Ofis mai fuskar gilashi da rufin kwano, in wuta ta ɗauke, ba ya zaunuwa.

Wannan darasi ne ga 'yan ci-rani da ke Libiya ko Aljeriya ko Abijan ko Turai, masu turo kuɗi gida tare da hoton ginin da suka gani a Dubai. A jihar Tawa akwai misalan da suka fi kusa: masallacin ƙasa na Yama, wanda magini Falke Barmu ya gina har ya ci kyautar Aga Khan a 1986, da cibiyar Hikma ta Dandaji da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara da tubalin ƙasa, aka kammala a 2018.

Batun ruwa ma haka ne. Maɓulɓular da famfonta ya tsaya don babu wuta ta zama gidan sauro, a yankin da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci kowace damina. Randa mai murfi a inuwar baranda ta fi ta amfani, tana sanyaya ruwa ba tare da wuta ba, kuma mai jira zai sha.

Ruwan da ya kamata shugaba ya yi tunaninsa shi ne na ambaliya. A 1945 ruwa ya ci tsohon garin Maradi da ke cikin kwari, dole aka koma kan tudu. A daminar 2024 jihar Maradi na cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna a ƙasar. Rajistar haihuwa da takardun filaye da aka jibge a ƙasa, ko aka jingina da bangon gabas mai tsattsafo, dare ɗaya ya isa su lalace. In ruwa bai ci su ba, gara na jira.

Abin da malamai ke cewa

A yankin da kusan kowa Musulmi ne, tambayar halas ko haram ba ta jira. Matsayin da aka sani a wajen malamai shi ne arziki da mulki na Allah ne, kuma danganta su ga kwaɗon ƙarfe ko kusurwar ɗaki camfi ne da ke iya kai mutum ga shirka. Hadisai sun yi hani ga camfa abubuwa. Amma matsar da tebur don samun iska ko haske ko ganin mai shigowa, wannan dabara ce ta zaman duniya, kamar haƙa rijiya a inda ruwa yake.

Wannan hukunci bai tsaya kan kayan Sin kaɗai ba. Labarin sabon shugaban da ya ƙi zama a kujerar wanda ya gada don tsoron sammu, ko wanda ya sa aka binne wani abu a bakin ƙofa, labari ne da aka saba ji daga Yamai har Abuja. Malaman da ke sukar kwaɗo suna sukar wannan ma. Tsoron da ke sa wani sayen tukunyar kifi a Hong Kong shi ne ke sa wani neman laya a Mayahi: kujera ba ta da tabbas, kuma kowa ya san an taɓa tayar da wani daga kanta.

Wanda ke ɗaya gefen tebur

Duk ƙa'idojin fenshuwi na ofis mutum ɗaya suke yi wa hidima, wato mai kujera. Ba su ce komai ba kan matar da ta taso daga wani ƙauye a gulbin Kaba tun asuba, a kan amalanke ko bayan babur, da jariri a goye, don a yi masa takardar haihuwa.

A wajenta, tsarin ofis tambayoyi ne masu sauƙi. Akwai benci a inuwa, ko a rana za ta tsaya? Akwai wanda zai gaya mata ƙofar da za ta shiga da Hausa, tunda allon da Faransanci aka rubuta shi? An manna kuɗin kowace takarda a bango inda kowa zai gani, ko sai abin da wani ya faɗa mata a soro? In ta shiga, akwai kujerar da za ta zauna, ko a tsaye za ta yi bayani? Gurgu zai iya hawa matakalar?

Wurin da tebur yake na da hannu a duk wannan. Shugaban da ke ganin ƙofa yana kuma iya ganin layin da ke bayanta, in ya bar ta a buɗe. Zai san wanda ya daɗe yana jira, da wanda aka tsallake da shi, da wanda ke karɓar na goro a baranda. Ƙofa a buɗe ko mai gilashi a sama kariya ce ga mace mai neman aiki ko sa hannu, kariya ce kuma ga shi kansa daga zargi. Kujerun baƙi biyu a gefen tebur, masu tsayi daidai da tasa, suna sauya yadda magana ke fita daga bakin dattijo ko mai gari.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar masani daga waje ko kasafi na musamman. Benci biyu, da tabarmar kaba, da randa, da allo, da kanta mai ƙafa don ɗaga takardu daga ƙasa, da itace guda a yamma.

Sarki goma zamani goma. Magadan garin da aka zaɓa sun tafi, kantomomi sun zo, su ma wata rana za su miƙa makulli. Dogon yaron da aka dasa bana zai yi wa na gaba inuwa, rajistar da aka ɗaga daga ƙasa kuma ita ce yaron da aka haifa bana zai nema ranar da zai zauna jarrabawa ko ya nemi fasfo.